Waken Gonar Baba Ishaya

Labari ya kai har kasuwar Malumfashi wai Rifkatu, 'yar baffana, ta tuge waken gonar ubanta kaf saboda saurayi. Sharri ne, jama'a. Tushe ɗaya ta tuge, a kan idona.

Ubanta Baba Ishaya, dattijon coci, shi ya ce saurayin nata Habila ba zai aure ta ba. Wai dokar Musa ta hana tsaga jiki, Habila kuwa kakansa Bamaguje ya yi masa bille tun yana zanin goyo.

Habila ya same ta a bakin gona, yana murza hula, yana juyo mata kuncin da babu bille.

"Rifkatu, in dokar Allah ce, na haƙura."

Ta zagaya ta ɗaya gefen, ta daɗe tana kallon billen. Sannan ta sunkuya ta tuge wake daga gindin dawa, ta danƙa masa.

"Kai wa Baba. Inda ya karanta ɗin nan, an hana shuka iri biyu a gona ɗaya. Ko ya tuge wakensa duka, ko ya yarda Almasihu ya sauke mana wannan kaya." Ta sassauta murya. "Ni da billen na gan ka, da shi nake son ka."

Da Habila ya isar da saƙon, Baba ya jujjuya waken, ya hangi gonarsa ta yi shar, ya ce a turo magabata.

Na ce, "Fasto Rifkatu, yaushe za a fara mana wa'azi?"

Ta ce, "Ranar da wata ta tuge ko ciyawa saboda kai."