Sigarin Inoussa

"Tiyon mai ne ya tsage, na canja," in ji Inoussa bakanike.

Na shiga motar. Warin fetur ya fi na ɗazu.

"Maigida, har yanzu fa tana wari," na ce.

"Ragowa ce, ango. Kafin ka kai unguwar Agoè ya baje."

Tun da Hamdiya ta rabu da shi ta zaɓe ni, sai yau ya yi min murmushi. Ya miƙo min sigari da ashana ta taga.

Na sa a baki, na zaro tsinke. Sai na ji shimfiɗar ƙarƙashin ƙafata ta jiƙe sharkaf da fetur.

Na ɗago kai. Inoussa, wanda bai taɓa shan sigari ba, ya riga ya tsallaka titi, yana kallona.