Notin da Ya Cije

Sifana ta sake zamewa, ta ɗaye wa Manniru fatar yatsa. Ya tsotse jinin, ya ja tsaki, ya zagi tsatsa, ya haɗa da wanda ya ƙera notin.

Tun hantsi yake dunƙule a ƙarƙashin sitiyarin wata motar ɗaukar kaya, kanta, mai lotsattsen goshi, wadda aka jawo masa har garejinsa na Dei-Dei, bayan rumfunan masu sayar da kwanon rufi. Aikin ba wani aiki ba ne, mastan birki za a canja, wato tukunyar da ke tura mai ta bututu zuwa tayoyi. Notin bututun gaba ya kwance salin-alin. Na baya ne ya cije, ya ce Allah ya kashe shi a nan.

Mai motar, wata Madam Christina, tana zaune a benci cikin baƙar riga, jaka a cinya. Ta ce ta saye ta ne a hannun kamfanin da ya yar da ita bayan hatsari. Ta ce akwai wasu motocin a Idu suna jiran bakanike, kuma wanda ya kwance mata bututun nan lafiya, ba yanka ba karyawa, shi za ta ba. Manniru kuwa an kwana biyu rabonsa da aiki mai maiƙo.

Duk da haka sai da ya yi ta nacin a sa zarto, a jefa tsohon mastan da guntun bututun a bola, a huta. Ta ce a'a. Ya kalle ta sheƙeƙe. Matar da ba ta san birki ba, ba ta san kuloci ba, wai ita ce za ta koya masa sana'a!

Ya tsiyaya wa notin kananzir, ya koma kan direban motar da ba ya nan. Ai labarin motar nan ya zaga Dei-Dei, in ji shi. Direbanta barci ya yi a gangara da lodin siminti, ya kashe kansa a banza.

"Tarkacen direbobi ke nan, Madam. A ba su mota, su mai da ita katifa."

Jakarta kawai ta ƙara matsewa.

Ya ƙwanƙwasa notin da ƙaramar guduma, ya ɗan ɗumama shi, ya kama shi da filaya mai kulle. Ya ƙara ɗaure shi kaɗan, sannan ya dawo baya a hankali. Gumi ya cika masa ido. Can sai notin ya ce ƙas, ya saki.

Kafin ya zare bututun, Manniru ya juya mata baya, ya tara tafin hannunsa na hagu a ƙasa. Baƙin man birki ya zubo. Hannun ya dunƙule, ya nufi aljihu.

"Oga Manniru, buɗe hannun."

Tana tsaye a kansa, bai ma ji tasowarta ba. Ya buɗe. Guntuwar ƙusa ce, irin ta buga kwano, an datse mata tsini.

Wannan tsohuwar dabarar ragayen makanikai ce. In bututun baya ya fara yoyo, maimakon su canja shi, sai su toshe bakinsa da ƙusa, su ɗaure notin kamar ba za a sake kwancewa ba. Direba ya taka birki ya ji tauri, ya yi godiya ya tafi, bai san tayoyin baya ba su da komai ba.

Manniru ya ƙaƙalo dariya, ya ce ta ga aikin wani jaki ko? Ya ce Allah ya isa, irin waɗannan su ke ɓata wa masu sana'a suna.

Ta ɗauke ƙusar daga tafinsa, ta naɗe ta a hankici. Sannan ta tambaye shi yadda aka yi ya san ya tara hannu tun abu bai faɗo ba.

Manniru ya shiga goge tafin hannunsa a jikin wando.

"Direban nan, Bartholomew, bai yi barci ba," ta ce a hankali. "Kafin ya cika a asibiti ya gaya mini wani bakanike a bayan masu kwano ne ya gyara masa birki da safen. Mijina bai san sunanka ba, shi ya sa na kawo motarsa ta nuna mini kai."