Jemage Ɗaya, Mangwaro Ɗaya

Masu cewa a bar yaro sai ya yi wayo tukuna a nuna masa yadda duniya take, ga misalin wani mutum.

Ci-rani ya tafi, ranin ya zarce shekaru. Ya yi dako, ya yi gadi, ya bi mota, babu inda ya zauna har tabarmarsa ta yi ɗumi. Duk garin da ya sauka miya ba ta yi masa daɗi, don hancinsa na neman daddawar kakarsa. Sana'ar tsohuwar ke nan, kuma itatuwan ɗorawa na bayan gari su ke ba ta kalwar da take dafawa. Yana ƙarami, idan ɗorawa ta yi fure, jajayen nan masu reto kamar tuntun hula, takan tattara jikokinta da magariba, lokacin da kowace uwa ke kora 'ya'yanta ɗaki, ta zaunar da su a gindin itacen, ta ce kowa ya kama bakinsa. Can sai jemagu su fito daga kogon tsohuwar kuka, su riƙa cusa fuska cikin fure, su tashi da garinsa a gashinsu su sauka kan fure na gaba. "Kun gani?" in ji ta. "Mummuna ne, amma shi ke ɗaura wa ɗorawa aure. Ba shi, ba kalwa. Ba kalwa, ku sha miyarku lami." Haka ta nuna musu gara mai huda ƙasa ruwa ya samu hanya, da akuya mai cin 'ya'yan gawo ta je ta shuka shi a gonar wani ba da saninta ba. Duk mai rai, ta ce, yana barin sawu a inda yake zaune.

Da ya dawo gida, tsohuwa ta daɗe a ƙasa. Ƙanwarsa ta kawo masa tuwo, ya kai loma ɗaya ya ji ɗanɗanon dunƙulen kanti. Ya tambayi daddawa, ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya, kalwa ai yanzu sai kasuwar wani gari." Ashe bayan tafiyarsa wani ya kafa lambun mangwaro a bakin rafi, jemagu suka riƙa taɓa masa nunannu. Mai lambu bai yi faɗa da kowa ba. Danƙon harbi ya raba wa yara, ya ce jemage ɗaya, mangwaro ɗaya. Da hakan bai ishe shi ba, ya sa suka cika kogon kuka da kara, aka cinna wuta. Ɗorawa ta ci gaba da fure kowace shekara kamar amaryar da aka yi wa lalle ango bai zo ba, 'ya'ya kuwa sai ɗai-ɗai. Yaran da suka kai karan nan sun zama samari, su ne yanzu ke bin ɗorawa da gatari, wai itacen da ba ya haihuwa gawayi ne. Ya same su a bakin aiki, ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Ɗaya ya share gumi ya ce, "Malam ɗan birni, in jemage kake so, ka kai masa goron aure mana." Suka bushe da dariya, gatari ya ci gaba.

Saura ɗorawa ɗaya, ta gonar kakarsa, ita ma 'yan'uwansa sun yanke cewa in bana ba ta yi 'ya'ya ba, masu gawayi su zo. Ya ce a ransa samari sun riga sun bushe, bari ya koma kan ƙanana. Ya bi gida-gida yana roƙon iyaye mata aron 'ya'yansu da magariba. Wasu suka ce lokacin aljanu ne, wasu suka ba shi don kunya. Ya zaunar da su daidai inda kakarsa ke zaunar da shi. Yamma bayan yamma, ba abin da ke zuwa sai sauro, yara suka fara zamewa. Ran nan, ja na gushewa daga sama, sai ga motsin fiffike. Jemage ɗaya tal, Allah kaɗai ya san daga ina, ya kewaya itacen ya sauka kan fure. Mutumin ya buɗe baki zai ce "Kun gani?" sai ya ji tas! a bayan kunnensa. Jemage ya faɗo kamar tsumma. Ɗan ƙanwarsa, yaron da ko famfara bai gama ba, ya ruga ya ɗauko shi ta fiffike, danƙo a ɗaya hannun, baki har kunne.

"Kawu, ni na samu! Harbi ɗaya! Mu je ka raka ni in karɓo mangwarona."

Ya dubi yaron. Babu mugunta a idonsa ko kaɗan. Ashe tayin mai lambu har yau yana nan. Abin da aka koya wa yaron ya yi, kuma ya yi shi da kyau. A hancin jemagen akwai garin fure, bai kai shi ko'ina ba.

Kafin damina ta sauka masu gawayi suka zo. Yana tsaye a bakin hanya da jakarsa yana jiran mota ya ji faɗuwar itacen, bai waiwaya ba. Ya zaci don ya zaɓi ƙanana ya zo da wuri, ashe yaro ba ya zaman jiran malami. In ba ka kai hannu ba, wani ya kai, kuma nasa lanƙwasar ce za ta zauna. Shi ya sa Hausawa suka ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.