Mai Riƙon Igiya a Bakin Rijiya

Tunda ka ce sana'arka ta gundure ka, wai kai don babban abu aka halicce ka, to gyara zama ka ji. An yi wasu mahaƙa rijiya biyu, wa da ƙane. Ƙanen ne ke shiga rami da dagi, wan kuma yana sama riƙe da igiya, yana jawo kwandon ƙasa yana zubarwa. Dokar aikin ɗaya ce, na sama ba ya sakin igiya. In rami ya yi zurfi iska takan ƙare wa na ƙasa, ya rasa bakin kira, sai dai ya girgiza igiya a fizgo shi. To wan nan, ƙaton banza, ya raina aikinsa. Kullum jawo ka zubar, jawo ka zubar, jar ƙasa har cikin kunne, ba mai kiɗa ba mai guɗa. Abin ya yi ta ci masa rai, sai ya samar wa kansa mafita, jiki a bakin rijiya, zuciya a dawa. A can shi ne maharbin da ɓauna ta addabi garinsu, maza suka shige ɗaka, ya fita shi kaɗai ya kashe ta. Wata rana gobara ce, yana fitowa da yara a kafaɗa. Wata rana kogi ne ya kawo, yana tsamo mutane. Kullum shi ne mai ceto, kullum ana yi masa kirari. Ka ji fa, mutum da furfura a gemu!

Ranar da abin zai faru haƙa ta yi nisa, har ƙasa ta fara fitowa da danshi. Sai ɓaunar tasa ta taso, kuma ai ba a sukar ɓauna da hannu ɗaya. Ya ɗaure igiyar a jikin gungumen da aka gitta a bakin rijiya, wai na ɗan lokaci, ya ɗauki karan dawa ya mai da shi mashi. Ya ja da baya, ya durƙusa, ya zabura, yana ta sukar iska yana yi wa kansa kirari ƙasa-ƙasa. A bayansa igiya tana rawa. Ta yi rawa, ta yi rawa, har ta tsaya. Matar ƙanen ce ta iso da ƙwaryar fura a ka, ta ga igiya a ɗaure ba kowa a kanta. Ta leƙa ta kira mijinta, shiru. Ta saki ƙwarya ta kurma ihu. Sai a lokacin gogan naka ya dawo daga dawa, kara a hannu. Ya kama igiya ya yi ta ja kamar ransa zai fita, amma ina! Ashe ƙanen ya riga ya ɗaura ta a ƙugunsa, ya yi nasa, yana jiran a ja. Aka fito da shi jiki a sake, babu rai. Matar ba ta zagi wan ba, dubansa kawai ta yi ta ce, "Yaya, ja kawai za ka yi. Ja kawai!"

Wallahi ko yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi. Mutum ya ceci garuruwa a cikin kansa, ran da Allah Ya sa masa rai guda a tafin hannu, ran ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya, yana can yana faɗa da iska. Gaskiyar Hausawa da suka ce, ana ga yaƙi kana ga ƙura.