Kafar da Baba ya bari

Wata la'asar, ina yarinya a ƙauyenmu na bayan Jos, Baba yana yaɓe akurki saboda sanyi, ni ina miƙa masa laka. Ko'ina ya toshe, sai 'yar kafa ɗaya can sama.

Na ce, "Baba, ka manta nan."

Ya ce, "Bar ta, uwata. Kaza tana jure sanyi, amma in ta rasa iska, ba ta kai safiya."

Yau ga ni a Longsight, a Ingila. Ɗana ya gina wa kajinsa akurkin katako saboda dusar ƙanƙara, har da kafar, yadda na koya masa. Tagar ɗakina kuwa ya liƙe ta ruf, wai gas ya yi tsada. Ta gilashi nake kallon kafar nan.