Irin Gyaɗar Baba

Shekarar fari ce, bayan zazzaɓin cizon sauro ya taɓa min ƙwaƙwalwa, ya bar hannuna na dama yana rawa. Da la'asar Baba ya zaunar da ni gindin rumbu, ya turo min gyaɗar da muka adana don iri, ya ce in ɓare.

Duk wadda na matsa sai ƙwayar ta rabe biyu, ba ta shukuwa.

Inna ta ce, "Malam, irin ke nan fa, babu wani."

Baba ya ce, "Bar shi ya fasa. Iri ana samu a kasuwar Minjibir. Hannun nan a ina zan samo masa?"

Har yau hannun yana rawa, amma da shi nake shuka gonar Baba.