Furar Inna Asibi

Yara biyar suka kwanta a lungu ɗaya a Yakasai, jiki zafi rau, ciki na murɗa, maganin maleriya ya ƙi ci. Da aka gwada jininsu, asibiti ya ce taifod ne. Duba-gari Mikail ya bi gida-gida yana tambayar abin da suka ci, sai sawu ya tsaya a ƙofar Inna Asibi mai fura.

Shekara talatin tana wannan sana'a, ko gashi ba a taɓa tsinta a ƙwaryarta ba. Mace ce mai tsafta har ta ban haushi, ga kunya kamar amarya. Yanzu da ƙarfi ya ja baya, Hassana ke damu, ita tana ƙullawa. Hassana 'yar ƙanwarta ce, a bayanta ta girma. Bara ma da dogon zazzaɓi ya kayar da yarinyar, Asibi ce ta yi jinyarta har ta miƙe ras.

Daga soro Mikail ya yi bayani: mutum kan yi yawo da ƙwayar cutar lafiyarsa lau, hannunsa na raba wa jama'a. Ya ajiye kwalabe biyu, kowacce da suna, a sako bayan gida.

"Ni da girmana?" in ji Asibi. "Yaro sa'an ɗan cikina ya ɗauki wannan abu?"

"Kada ki damu, Inna," in ji Hassana. "Ni zan kai."

Kwana huɗu sakamako ya fito, kuma rabin lungun na laɓe a ƙofa. Hassana ba ta da komai. A kwalbar Inna Asibi aka ga cutar. Mikail ya ce kada ta sake taɓa abincin sayarwa sai ta gama magani, amma Hassana na iya ci gaba da fura.

"Allah ya isa, Inna!" Uwar ɗaya daga cikin yaran, wanda har aka yi wa aikin hanji, ce ta faɗa, tana kuka.

Sunan da Asibi ta tara shekara talatin ya zube nan take, amma ba shi ne ya fi ƙona mata rai ba. Ta juya ta dubi Hassana, Hassana ta dubi ƙasa.

Domin ranar nan kunya ta hana Asibi ko buɗe kwalbarta, wayam ta miƙa wa Hassana ita. Abin da aka gwada da sunanta na Hassana ne, Allah kaɗai ya san na wa yarinyar ta zuba a tata kwalbar.